Shelar Tashar Rediyo a Matsayin Hujjar Ƙayyade Shekarun Tsofaffin Kaset-Kaset a Ƙasar Gwaram

Gabatarwa

Manazarcin waƙoƙin baka a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu yakan ci karo da kaset-kaset waɗanda aka naɗa daga akwatin rediyo, ba su ɗauke da kwanan wata. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda shelar da tasha kan yi ta sunanta, tare da takenta, za ta taimaka wajen gano zamanin ɗauka.

Sauye-sauyen Sunaye

Bisa al'ada, tasha takan ambaci sunanta yayin buɗewa da gabanin labarai da kuma lokacin rufewa. Da yake sunayen sun yi ta sauyawa, kowannensu ya zama iyaka ta tarihi. An kafa NBS a 1951, ta koma NBC a 1957, shekarar da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe Rediyo Talbijin Kaduna a 1962, sa'an nan tsarin 1978 ya mayar da ɓangaren rediyonta ƙarƙashin hukumar tarayya, wato FRCN. Saboda haka, kaset ɗin da aka ji shelar Rediyon Tarayya a cikinsa bai girmi 1978 ba, haka nan na Sashen Hausa na Muryar Amurka bai girmi 1979 ba.

Ƙarin Hujjoji

Idan shelar ta yanke, sai a koma ga sanarwa da gaishe-gaishe. Mai sanarwar da ya sanya Gwaram cikin Jihar Kano ya yi magana ne tsakanin 1967 da 27 ga Agustan 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Tallar da ta ambaci fam da sule kuwa ta riga fitowar naira a 1973.

Kammalawa

Sai dai wajibi ne a bambance abubuwa uku: lokacin da aka rera waƙa, da lokacin da aka watsa ta, da lokacin da aka kwafe ta. Tasha kan maimaita tsohon faifai bayan shekaru masu yawa, don haka shela tana nuna zamanin watsawa ne kawai. Duk da haka, mai juyar da kaset zuwa kwamfuta kada ya datse shelar da ke farkonsa, domin sau da yawa ita kaɗai ce shaidar da ta rage.