Ingilishi: kama kalma ɗaya, danginta su biyo ka

A watan Maris na 2025 aka fitar da kundin sabunta ƙasa wanda ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma suka zama harsunan aiki. Ke nan Ingilishin da yaranmu suke fara koyo a ajin siziyam na kolej ya ƙara daraja a takardun hukuma. Amma mu nan Filinge ba kundi ne ya kawo mana shi ba. Ƴan biɗa da ke zuwa Legas da Kano da Kumasi sun daɗe suna karo da shi, kuma kwalayen magani da na kayan noma da ke shigo mana daga Nijeriya da shi ake rubuta su. Za mu riƙa cewa Ingilishi a fili, don a nan idan an ce Turanci sau da yawa Faransanci ake nufi, a Kano kuwa Ingilishi.

Kukan da aka fi ji wajen ɗalibai shi ne kalmomin ba su zama a kai. A haddace ashirin da dare, da safe biyar suka rage. A ganinmu laifin ba na kwanya ba ne, na yadda ake tarawa ne. Wanda ya yanke hatsi ba ya kai shi rumbu zangarniya ɗaya ɗaya, dami yake ɗaurewa. Kalmomin Ingilishi ma suna ɗauruwa, kuma igiyar ita ce jerin haruffan da suke tarayya a kai.

Ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Yaron da ya san manomi da makiyayi da maɗinki, ran da ya fara jin maƙeri ba ya buƙatar a ce masa mai wata sana'a ne. Wanda ya san Zabarmanci da Fillanci, idan ya ji Jamusanci ya san harshe ne. Kunne ya riga ya saba da zubin. Abin da ake so ɗalibi ya yi ke nan da ido a Ingilishi.

Mu fara da gona, tunda ita muka fi sani. Ku dubi haruffa uku: e, e, d. Ana furta su da dogon i, kamar a ce iid. Sa s a gaba, ka sami seed, wato iri na shuka. Sa w, ka sami weed, hakin da ake nomewa. Feed ciyar da dabba ne, need buƙata, speed gudu ko sauri, breed kuma irin dabba, kamar shanun Azawak da ake kiwo a tashar Tukunus arewa da Filinge. Kalma shida ke nan, amma abin da aka haddace na rubutu da furuci ɗaya ne tak. Haka a, i, n: rain ruwan sama, grain ƙwayar hatsi, train jirgin ƙasa, pain ciwo, chain sarƙa. Haka o, a, t: goat akuya, boat jirgin ruwa, throat maƙogwaro, da coat, wadda Hausa ta are tuntuni ta mai da ita kwat. Ga e, l, l: well rijiya, sell sayarwa, tell faɗa wa mutum magana, bell ƙararrawa, smell wari ko ƙamshi.

A lura da abu guda. A waɗannan gajerun kalmomi haruffan ba su ba da ma'ana, furuci da rubutu kawai suke bayarwa. Babu abin da ya haɗa akuya da jirgin ruwa sai sauti. Don haka ma'ana sai an saka ta cikin jimla, kuma jimlar da ta fi zama a kai ita ce wadda ta haɗa ƴan gida ɗaya. Yaro ya rubuta We need rain for the grain, muna buƙatar ruwa saboda hatsi, ya kama uku a lokaci guda, kuma magana ce da yake ji a bakin kowane dattijo idan damana ta yi jinkiri.

Akwai gidan da ke tsorata ƴan siziyam da ganin farko, wato i, g, h, t. Night, light, right, fight, sight, bright, flight: dare, haske, dama ko daidai, faɗa, gani, mai haske, tashin jirgi. Duka ana cewa ait ne, nait, lait, rait. G da h ɗin nan ba a taɓa su. Me ya sa ake rubuta su, to? Saboda da can ana furta su. Ingilishin shekaru ɗaruruwa da suka wuce yana da wani sauti na maƙogwaro mai kama da خ na Larabci, har yau Jamusawa suna furta shi a kalmarsu ta dare, Nacht. Bakin mutanen Ingila ya yar da sautin, alƙalami ya riƙe haruffan. Wanda ya san haka ya daina ganin abin kamar mugunta aka shirya masa.

Inda hanyar ta fi riba shi ne kalmomin da wutsiyarsu ke ɗauke da ma'ana. Ta farko e, r a ƙarshen kalma, wadda sau da yawa take aikin da ma- ke yi a manomi: farm gona, farmer manomi, teach koyarwa, teacher malami, trade fatauci, trader ɗan kasuwa, work aiki, worker ma'aikaci. A nan Hausa ta riga ta yi mana rabin aikin. Direba daga driver ta fito, kafinta daga carpenter, lauya daga lawyer, manaja daga manager, masinja daga messenger, lebura daga labourer, birkila daga bricklayer. Ku ji yadda dukansu suka ƙare da a. Kakanninmu da suka ari kalmomin nan da kunne suka ara, kuma kunnen bai yi kuskure ba: Bature ɗan Ingila ba ya fitar da r ɗin ƙarshe, wani gajeren a yake yi. Ɗalibin da ya ce tica ya fi kusa da daidai a kan wanda ya karanta kalmar da bakin Faransanci. Sai dai ba kowace e, r ce mai aiki ba. Water ruwa ne, river kogi, paper takarda, sister ƴar'uwa.

Yanzu ga dukiyar da ɗan Nijar yake zaune a kanta bai sani ba. A shekarar 1066 Wilyam, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a can wajen shekara 300, kuma kalmominsa suka kwarara cikin Ingilishi ba adadi. Har a tukunya ana ganin sawun: dabbar da talaka ke kiwo ta riƙe tsohon sunanta, cow da sheep, naman da ake kai wa fada ya ɗauki na Faransa, beef da mutton, waɗanda duk ɗan lakwal zai gane bœuf da mouton a cikinsu.

Amfanin wannan tarihi ga yaron da ya yi shekara shida a firamare da Faransanci shi ne ya riga ya san ɗaruruwan kalmomin Ingilishi. Babban gida shi ne t, i, o, n. Nation, population, information, situation, vaccination, station, duk rubutu ɗaya ne a harsunan biyu, ma'ana ɗaya. Education da election ɗan alamar kan e kawai suka yar. Abin da ya canza furuci ne: inda Faransanci ke cewa siyon, Ingilishi yana cewa shan, kuma nauyin murya yana sauka a kan gaɓar da wutsiyar ke bi. Wanda ya manta, ya tuna tashar mota. Kalmar tasha ba komai ba ce illa station da bakin Ingilishi, sh ɗin yana nan daram. Fensho ma haka ta fito daga pension. Ita kuma t, u, r, e ana furta ta ca, shi ya sa lecture ta zama lacca a Hausa. Sai a bi da culture, nature, future, picture, agriculture a kan wannan zubi.

Wasu gidajen sai an ɗan yi musanya. Abin da ya ƙare da té a Faransanci yakan koma ty: université ta zama university, sécurité ta zama security, qualité ta zama quality. Mai eux yakan koma ous, kamar dangereux da dangerous. Ƴar hular nan da ake ɗora wa wasali sau da yawa shaida ce cewa da akwai s a wurin, Ingilishi kuwa ya riƙe ta: forêt da forest, hôpital da hospital, wadda ita ce uwar asibiti. Haka é na farkon kalma yakan yi daidai da s: école da school, état da state, étudiant da student.

Amma fa kama da wane ba ta wane. Location a Faransanci haya ce, a Ingilishi wuri ne. Formation da matasanmu ke cewa sun yi a Yamai, idan za su rubuta takardar neman aiki da Ingilishi training za su sa. Déception takaici ne na abin da bai zo yadda aka so ba, deception kuwa yaudara ce, kuma ba ƙaramin abu ba ne ka rubuta wa mutum ita bisa kuskure. Ko a gidan rain da muka ambata akwai tarko biyu: pain burodi ne a Faransanci, ciwo a Ingilishi, main hannu ne a can, a nan kuwa babba ko mafi muhimmanci.

Akwai wutsiya ɗaya da muke roƙon kowa ya riƙe, ko bai taɓa shiga aji ba: c, i, d, e. Daga Latin ta fito, ma'anarta kashewa, kuma haka take a harsunan biyu. Abin da ke gabanta shi ke faɗin wanda za a kashe. Insecticide na ƙwari ne. Herbicide na haki ne. Fungicide na cututtukan da ke sa tsiro ruɓa ko fumfuna. Pesticide suna ne na gaba ɗaya. Kwalaben sukan yi kama da juna a kan teburin ɗan kasuwa, kuma wanda ya fesa wa wakensa maganin haki yana zaton na ƙwari ne yana iya ƙone wahalar damana guda da hannunsa. A jikin kwalbar a nemi caution, wato hattara, da directions, yadda ake amfani, da poison, guba, da haruffan EXP waɗanda ke gaban ranar da magani ya daina aiki. Yaron gida da ya iya karanta waɗannan ya biya kuɗin kayensa.

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai gidajen da ba su da tarbiyya. Mafi taurin kai shi ne o, u, g, h. Drought, fari, ana cewa draut. Plough, garma, plau. Enough, ya isa, inaf. Cough, tari, kof. Bought, ya saya, bot da dogon o. Through da though kuma kowace da nata, har t, h ɗinsu ba ɗaya ba ne: ta farko kamar ث, ta biyu kamar ذ, sautukan da duk wanda ya yi karatun allo da tajwidi ya riga ya iya. A nan ba dami ɗaya ake yi ba, sai ƙananan ƙulli: bought, brought, thought, fought a wuri guda, enough, rough, tough a wani. O, w ma gida biyu ne a zaure ɗaya: cow, now, how suna cewa au, amma grow, low, show, know suna cewa o. Eat, meat, heat, wheat suna tafiya tare, great da sweat suka balle.

Yadda za a yi aikin ba shi da tsada, kuma wannan yana da muhimmanci yanzu da rashin tsaro ya rufe makarantu da dama a jahar Tillaberi, yara da yawa suna zaune gida ko sun koma wajen dangi. Kaye ɗaya ya isa. Kowane shafi gida ɗaya, a rubuta haruffan a sama, kalmomi a ƙasa da ma'anarsu da Hausa, a bar fili. Duk sanda aka ci karo da sabuwa, a littafi ko a buhun taki ko a salula, a kai ta gidansu. Wadda ta saɓa furuci a ja mata layi a ƙasa. Gida biyu a mako ya fi goma a rana, kuma ɗan ajin turwaziyam mai shirin BEPC zai fi cin riba idan ya fara da t, i, o, n da ty, tunda su ne suka cika rubutun da ake ba su karantawa.

Abin da kaye ba ya iya bayarwa shi ne sauti, kuma nan ne aikinku, ƴan'uwa na Legas, Abuja, Kumasi da Amurka. Idan ƙanenku ko ɗiyarku ta aiko muku hoton shafi ta WhatsApp, ku karanta kalmomin a saƙon murya, sannu sannu, kowace sau biyu, ku haɗa da jimla ɗaya irin wadda kuke ji a kasuwa ko wurin aiki. Wanda Ingilishinsa na titi ne kada ya ji nauyi. Ya karanta waɗanda ya tabbata da su, sauran yaro ya kai wa mushensa.