Harafi ɗaya ne tsakanin AA da SS, kuma kwamfuta ta fara karanta shi

Idan kana shirin aure a Madobi, Kura ko Bunkure, ka san yanzu magana ta wuce lefe da sadaki. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Kano, har da na jinotaif. 'Yar takardar nan mai AA, AS ko SS ta sha raba masoya. To, me ke cikinta?

Jikinka yana ɗauke da rubutun gado da ake kira DNA, mai haruffa kusan biliyan 3, duk daga A, C, G da T. A wani gurbi mai suna HBB, idan T ya zauna a mazaunin A, ƙwayar jini sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Sikila ke nan. Harafi ɗaya tak!

AS da AS kuwa, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. Kar wani ya ruɗe ki da cewa “ai na fari ya zo lafiya”. Kowane ciki da lissafinsa. Abin mamaki, mai AS ya fi tsira daga maleriya mai tsanani, shi ya sa harafin ya yaɗu a ƙasashe masu sauro. Wanda ya tashi kusa da kwatamin ruwan Tiga ba sai an ba shi labarin sauro ba.

Ina kwamfuta ta shigo? Babu likitan da zai karanta haruffa biliyan 3 da ido. An ɗauki shekara 13 kafin a kammala karanta DNA na ɗan'adam a 2003. Yau na'ura ce ke karantawa, manhaja ta tace, shi ya sa ake haɗa likita da masanin lissafi da mai rubuta manhaja a tebur ɗaya. A Najeriya ma ana yi: cibiyar ACEGID da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ta fara karanta ƙwayar korona a Afirka, a Maris 2020.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da ke gyara ƙwayoyin ɓargo da fasahar CRISPR. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Ka ga ba na talaka ba ne tukuna. Abin da ke kusa da mu shi ne binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt, wanda ya nuna hydroxyurea na taimakawa wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki.

Saura kai. In kana karanta kimiyya a BUK ko jami'ar Wudil, kar ka ce kwamfuta ba layinka ba ce. Fara da Python ko R. Rumbun GenBank kyauta ne, datar da kake ƙonawa a TikTok ta isa ka buɗe shi. Ana ƙarancin bayanan 'yan Afirka a binciken DNA na duniya, kuma maganin da aka gwada a jikin wasu ba lallai ya zauna daidai a namu ba.

Kafin nan dai, je ka yi gwajin a asibitin da aka yarda da shi, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.