Shin Ko Kun San Yadda Ake Auna Nauyin Mujallar Kimiyya?

Shin ko kun san cewa duk kwana 16 tauraron ɗan'adam na Landsat yakan ratsa ta saman gonakin Kura da Bunkure yana ɗaukar hoto? An harba na farko a 1972, ana tsaka da ginin madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako. Tun 2008 kuma kyauta ake sauke hotunan daga intanet.

Lafiyayyen ganye yana mayar da wani haske da ido ba ya gani, amma na'urar tauraron tana kama shi. Shi ya sa shinkafar da ta ƙoshi da ruwa take fita daban da wadda ke can ƙarshen magudana tana jiran rabonta.

Masu nazarin waɗannan hotuna suna buga bincikensu a mujallu irin su Remote Sensing of Environment, wadda ta fara fita a 1969. To, da me ake gane mujalla mai nauyi? Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya kawo ma'aunin, aka soma fitar da shi shekara-shekara a 1975. A ƙirga sau nawa masana suka kafa hujja bana da maƙalun da mujallar ta buga bara da bara waccan, sai a raba da yawan maƙalun. Maƙala 100, ambato 300, maki 3 ke nan.

Shekara biyu kuwa ta yi kaɗan. A mujallar Remote Sensing of Environment Compton Tucker ya buga maƙalarsa ta 1979 kan auna tsirrai da haske. An ambace ta sau dubbai, har gobe ana yi, amma ambaton yanzu ba ya ƙara wa makin mujallar komai.

Abin da ya fi damuna na gida ne. Malamin da ya zana taswirar wuraren da ciyawar kacala ta toshe magudanan Kadawa, masana ƙalilan ne za su ambace shi a ƙetare, alhali injiniyan ruwa da manomin tumatir aikinsa suke nema ido rufe. Saboda irin wannan matsala, a 2012 masana suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwa cewa a daina auna mai bincike da makin mujallar da ya buga aikinsa a ciki, a karanta aikin kansa. Jami'o'i da cibiyoyin bincike da dama sun sa mata hannu.