Abin da ya kamata ku sani game da ɗumame da abincin taro a lokacin bazara

A Gabi, kamar sauran garuruwan Madarunfa, tuwon da ya rage da dare shi ne ɗumamen safe, kuma gidaje da yawa ba su da firji. Da hunturu abin yakan zo da sauƙi. Amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin jihar Maraɗi ke haura digiri 40, abincin da ya kwana yana iya kwantar da gida guda da amai da zawo.

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da ba zafi ba sanyi, wato tsakanin digiri 5 da 60, kuma wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20 kacal. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. Hanci kuwa ba ya gane wannan. Tuwo yana iya cutarwa alhali bai yi tsami ba, bai yi yauƙi ba.

Saboda haka, uwargida, a bazara ki auna tsabar da gidan zai cinye. In tuwo ya rage, ki ɗauke shi kafin hannaye su shiga, ki rufe da faifai a wuri mai iska. Miyar nama ko kifi a tafasa ta kafin a kwanta, a rufe, kada a ƙara sa mata ludayi sai da safe. Ɗumame kuma sai ya tafasa har cikinsa, tururi na tashi, kuma sau ɗaya ake yinsa. Shinkafa ta fi son a kula: akwai ƙwayar cutar da ke zuba guba a cikinta idan ta daɗe a ajiye, kuma wuta ba ta kashe wannan gubar. Fura da nono ma a dama daidai sha, da ruwa mai tsafta.

Ranar suna ko biki haɗarin ya fi yawa, don tun asuba ake girki, a zuba a kula, wani ba zai ci ba sai la'asar. Gwamma a dafa kashi-kashi, a raba da zafinsa. A daina wanke hannu a kwano ɗaya, domin na ƙarshe dauɗar kowa yake ɗauka. A zuba wa kowa ruwa da buta, ya wanke da sabulu. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama kada ta taɓa tumatir da albasar kwaɗon zogale sai an wanke ta. Abin da kuke shakkar ba 'ya'yanku, kada ku juye wa almajiri.

Mutanen wannan yanki ba su manta kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa a watan Yulin 2018 ba, wadda ta kama dubban mutane. Ta gurɓataccen ruwa da abinci take shiga, ta hannun da ba a wanke ba.

Idan zawo ya kama yaro, a narka ƙunshi ɗaya na gishirin zawo a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, mai shan nono kuma a ci gaba da ba shi. In aka ga jini a bayan gida, ko idanu sun faɗa, ko ya kasa sha, ko mutane da yawa sun kwanta bayan cin abinci ɗaya, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Jama'a, zubar da kwanon tuwo akwai ciwo, balle a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, amma jinyar yaro ta fi shi tsada. Mu dafa daidai ci, mu rufe, mu tafasa, mu wanke hannu. Allah Ya kai mu damina lafiya.