Mai Cewa "Awaki" Ba Ya Tsoron "Children"

Yawancin sunayen Turanci harafin s kawai ake liƙa musu su zama jam'i: book, books. Masu taurin kan 'yan kaɗan ne, irin su foot da feet, mouse da mice, sai sheep da ba ta canjawa ko da garke guda ne. Mu da muka tashi da akuya da awaki, doki da dawaki, saniya da shanu, wannan ai wasan yara ne.

Children ma tana da 'yar'uwa a Hausa. Tsohon jam'in child shi ne childer, wanda ya daɗe a bakin mutanen Lancashire, yankin da Manchester take cikinsa a tarihi. Daga baya aka ɗora masa -en, jam'i a kan jam'i, kamar yadda muke cewa mata, mu kuma ce mataye.

Ba nan ake asarar maki ba. Ina karatun digiri na biyu a Manchester, kuma nakan duba wa 'yan'uwa ɗalibai rubutunsu, har da na Birmingham. Abin da na fi cin karo da shi: informations, equipments, advices, furnitures. A Najeriya ba mai cewa uffan, har a takardun ofis za ka gan su. A nan kuwa Bature ba ya ƙirga waɗannan sunaye, kamar yadda ba ma ƙirga gishiri sai da cokali ko mudu. Shawara guda ita ce a piece of advice. Malami dai zai ja maka layi ya gyara. Mai ɗaukar aiki ajiye takardarka kawai zai yi, ba bayani.

Sai kalmomin Girkanci da suka cika rubutun jami'a: criterion ɗaya ne, criteria jam'i, haka phenomenon da phenomena, analysis da analyses.

Ni ƙamus ɗin COBUILD nake buɗewa. A Jami'ar Birmingham aka haɗa shi ƙarƙashin John Sinclair, ya fito a 1987, kuma yana nuna sunan da ba a ƙirgawa da alamar uncount.

Af, in ka ji mai kayan miya a kasuwar Bull Ring ta Birmingham yana kiran "five pound" ba s, karin garinsu ne. A kundin bincikenka pounds za ka rubuta.