Gam a fuskar dutse: na halitta ne ko aibi?

Da dutse aka gina madatsar Sinnar da aka kammala a 1925, ga ta nan har yau a kan Shuɗin Nilu, kusa da Mai Wurno. Amma gidajen Hausawan yankin da na Jazira, da laka da jan bulo aka saba yin su. Dutsen ado da ake liƙa wa bango baƙo ne. Yanzu da jama'a ke gyaran gidaje, tun bayan da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, mai niyyar sayensa ya kamata ya san abin da zai karɓa da wanda zai mayar.

Dutse halittar Allah ce. Bambancin launi da jijiyoyi da rashin daidaiton kauri ba aibi ba ne. Mai son komai iri ɗaya sai ya nemi tayil na masana'anta. Gam kuwa aikin hannun mutum ne. Akwai faifan da ake haɗawa da ƙananan duwatsu tun a masana'anta: ɗan gam a can cikin tsaga, wanda sai an kusanto ake gani, abin haƙuri ne. Wanda ya malalo a fuska yana ƙyalli daga tsakar gida, musamman wanda rana ta mayar rawaya, wannan aibi ne. Malamanmu na fiƙihu sun ba mai saye zaɓin mayar da haja in ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa. Sai dai a buɗe kwalaye tun kafin a liƙa, don mayar da abin da ya hau bango rigima ce.

Saura aikin magini. Farin dutse yana shan launin baƙin siminti, farin turmi yake so. Abin da ya ɓullo a goge shi yana ɗanye, domin ruwan asid da wasu ke kankare busasshe da shi cin dutsen mabul yake yi. A ƙwanƙwasa kuma: in ya yi amo kamar ganga, ɗigo-ɗigo aka sa gam a bayansa, wata rana zai faɗo, a gidan da yara ke wasa a gindin bango.

Ƙasar Jazira baƙar laka ce, ta kumbura da damina, ta tsage da rani, bango ya motsa tare da ita. Maigida ya duba tushen gininsa tukuna, sa'annan ya sa magini ya liƙa mita ɗaya, a gani da rana tsaka, a yi ciniki a kanta gaban shaidu.