Asalin Gidan Lincoln

Manoman Amurka na zamanin da ba su cika daɗewa a wuri guda ba. Uba ya sari daji ya yi gona, ɗa ya tashi ya ƙara gaba wajen yamma. Kowa ya bar gida kuwa, gida ya bar shi. Saboda haka mutum ya kan san kakansa, amma daga nan sai labari ya yanke.

Haka abin ya ke ga Abraham Lincoln, wanda ya zama Shugaban Amurka a 1861. An haife shi a wata bukkar itace a jihar Kentucky a 1809. Ubansa Thomas yana da shekara 8 aka kashe nasa uban a gona, a 1786, ya tashi maraya, ba wani ilmi. Lincoln ya ji cewa mutanensu daga Virginia suka zo, kafin nan kuwa daga Pennsylvania. Iyakar saninsa ke nan har ya rasu a 1865.

To, bayan rasuwarsa masu bincike suka bi sawun gidan da baya da baya. Takardu iri uku suka taimake su: na cinikin gonaki, da na wasiyya, da littattafan coci inda a ke rubuta sunan jariri da na ubansa. In an ga sunan ɗa cikin wasiyyar uba, sa'an nan aka sake ganinsa a takardar sayar da gonar da ya gada, an sami tabbaci ke nan.

Ga abin da suka gano. Samuel Lincoln, yaron masaƙi, ya taso daga Ingila a 1637, ya zauna a Hingham ta Massachusetts. Shi ya haifi Mordecai maƙeri. Mordecai ya haifi wani Mordecai, wanda ya rasu a Pennsylvania a 1736. Ɗansa John ya koma Virginia. Ɗan John kuwa shi ne Abraham, wanda ya kai iyalinsa Kentucky aka kashe shi a can. Sunansa aka sa wa jikansa.

Watau Shugaba shi ne na 7 daga Samuel. Ya shugabanci ƙasar da kakanninsa suka shekara fiye da 200 suna nomanta, bai san wanda ya fara kawo sunan gidansu cikinta ba.